Filashin a Cikin Kwamfuta: Yadda Ake Kama Kiran Bogi a Direban Kanel

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta da na lantarki masu fama da furojet a wannan zango, darasin wannan fitowa a kan wata matsala ce da ba ta cika zuwa a jarrabawa ba, amma tana iya hana mutum barci ana saura mako biyu ya kare aikinsa. Ka haɗa na'ura, ka rubuta mata direba, komai ya tashi lafiya. Can sai allon ya sandare, ko na'urar ta yi tsit kamar an zare mata waya, ko linzami ya dinga tafiya yana tsalle. Abin da aka saba ji a ɗakin gwaji shi ne, "ai sensar ce jabu." A sake yin karo-karo a sayo wata, ta zo ta maimaita halin ta farko. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, kiran bogi ne ke wasa da hankalin direba.

Furosesa ba ta zama tana leƙa kibod ko katin sadarwa tana tambayar ko akwai labari. Aikinta take yi, idan na'ura na da magana sai ta katse mata hanzari ta wani layi na musamman. Layin shi ne za ka gani an rubuta IRQ da lamba a gabansa, ni kuma a nan zan riƙa ce wa abin "kira". Kira na shigowa, kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sai ta ajiye abin da take yi, ta nemo ɗan aikin da direba ya yi wa rajista a wannan layi. Shi zan kira "mai amsa". Ya duba na'ura, ya biya mata buƙata, a koma kan aiki. Kiran bogi kuwa shi ne a katse wa furosesa hanzari, a zo a duba, babu wanda ya ce shi ya yi kiran.

Bogin na asali

Na fi son in fara da tsohon misali, don shi ya fi nuna abin ƙarara. Kwamfutar IBM PC ta 1981 ta zo da wani guntun lantarki na Intel mai suna 8259A, mai karɓar layukan kira 8. A 1984 samfurin PC/AT ya ƙara na biyu, aka goya shi a layi na 2 na na farko, layukan amfani suka zama 15. Tsarinsa haka yake: na'ura ta ɗaga layinta, guntun ya sanar da furosesa, furosesa ta amsa ta ce a ba ta lambar mai kira. To, idan a ɗan tsakanin nan na'urar ta sauke layinta, ko ma dama hayaniyar lantarki ce ta ɗaga shi, guntun ya shiga tsaka mai wuya. An riga an ɗauki waya, mai kira ya katse. Filashin kenan, irin wanda abokinka ke yi maka idan katinsa ya ƙare. Guntun ba shi da hanyar cewa "ba kowa", dole ya miƙa wata lamba, sai ya miƙa 7. Idan a guntu na biyu abin ya faru, 15 ce za ta fito. Shi ya sa a tsofaffin injina masu Linux ake cin karo da saƙon "spurious 8259A interrupt: IRQ7", alhali layin na 7 na firinta ne, kuma ko firinta babu a ɗakin.

Yaya ake bambance na gaske da filashin? Guntun yana da rajistar da yake rubuta kiran da ake cikin yi wa hidima. Ka aika 0x0B zuwa mashiga 0x20, ka karanta daga nan. Idan bit na 7 a kunne yake, kira na gaske ne. Idan a kashe yake, bogi ne, ka juya ka tafi. Kada kuma ka aika masa saƙon "na gama", wanda ake kira EOI. Nan ne masu rubuta ƙaramar kanel ta gwaji ke faɗawa rami. EOI na gama-gari ba ya ambaton suna, kiran da ya fi girman matsayi a cikin waɗanda ake kan yi wa hidima shi yake gogewa. Ka aika shi a kan bogi, ka sallami baƙon wani tun bai gama magana ba. Na 15 kuma yana da ɗan lauje cikin naɗi: guntu na biyu ba a ba shi EOI, amma na farko dole a ba shi, domin shi a wurinsa kira na gaske ya gani a layinsa na 2, bai san abin da ya faru a bayan gida ba.

Sabbin injina ba su rabu da wannan ba, sun dai ware masa wuri. APIC na Intel yana da lamba ta musamman don bogi, Linux na sa ta 0xFF, ita ma ba a yi mata EOI. A GIC na ARM lambar 1023 ce. Irin wannan bogin, in dai jefi-jefi yake zuwa, ni ban ɗauke shi matsala ba. A ƙirga shi, a wuce. Wanda ke kashe furojet daban ne, kuma galibi direba ne ke haifar da shi da hannunsa.

Gidan haya mai ƙofa ɗaya

Kira iri biyu ne, in ba ka riƙe wannan ba sauran bayanin zai zame maka tatsuniya. Akwai mai ƙwanƙwasa sau ɗaya: abin da ake lura da shi shi ne lokacin da layi ya tashi daga ƙasa zuwa sama, ko ya faɗo. An ji, an ji. Ba a ji ba, ya wuce. Akwai kuma mai danne ƙararrawa: na'ura ta riƙe layin, ba za ta saki ba sai an zo an ce mata an ji. Layukan PCI guda 4 na gargajiya, INTA zuwa INTD, irin na biyun ne, kuma na'urori da dama kan yi tarayya a layi guda.

Ka ɗauka gidan haya ne mai ƙofa ɗaya. An danna ƙararrawa, kanel ba ta san baƙon wa ba ne, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana kiran kowane mai amsa da ya yi rajista da alamar IRQF_SHARED. Tun daga jerin Linux 2.6, wanda ya fito a ƙarshen 2003, dole kowanne ya ba da amsa: IRQ_HANDLED, wato nawa ne na sallame shi, ko IRQ_NONE, wato ba nawa ba ne. Kanel kuma tana lissafi, a fayil ɗin kernel/irq/spurious.c. Idan a cikin kira 100,000 fiye da 99,900 babu mai su, sai ta rubuta "nobody cared" tare da lambar layin, ta jero sunayen masu amsa da ke kansa, ta rufe shi. Ɗarin da aka bari saboda wata na'ura mai lafiya ce da ƙila take zaune a layin. Akwai kuma sassauci: in an ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba a samu kira marar mai shi ba, ƙirgen na komawa farko, don haka bogi na jefi-jefi ba ya sa a rufe layi.

Bayan rufewa kanel ba ta watsar da mutanen gidan ba. Tana zagayowa sau 10 a daƙiƙa tana tambayarsu ko akwai aiki. Ka ga dalilin da linzami ke tsalle, intanet ke jan ƙafa, amma injin bai mutu ba. Duk wanda ya ce mini kwamfutarsa ta koma haka farat ɗaya, dmesg nake fara ce masa ya buɗe.

Ga ƙashin bayan mai amsa na kirki:

static irqreturn_t amsa(int irq, void *bayani)
{
    struct naura *n = bayani;
    u32 hali = readl(n->tushe + HALI);

    if (hali == 0xFFFFFFFF || !(hali & n->buɗaɗɗu))
        return IRQ_NONE;

    writel(hali, n->tushe + HALI);
    readl(n->tushe + HALI);
    yi_hidima(n, hali);
    return IRQ_HANDLED;
}

Sunayen nan na misali ne, kai za ka sa naka da baƙaƙen da C ke karɓa. Amma kowane layi a ciki yana toshe wata kafa. Na farko, ana tambayar na'ura kafin a ce nawa ne. Na ga direbobin ɗalibai da yawa da ke mayar da IRQ_HANDLED ido rufe, wai don saƙon gargaɗi ya daina fitowa. Wannan shi ne fasa ma'aunin zafi don kada a ga zazzaɓi. Idan wata na'ura ta danne layi ba ta saki ba, kai kuma kana ta cewa naka ne, kanel ba za ta taɓa rufe shi ba. Ana fita daga mai amsa a sake shiga, ana fita a sake shiga, ƙwayar furosesar da ke karɓar kiran ba za ta sami sararin yin komai ba. Sandarewar da ka gani kenan. Gwajin 0xFFFFFFFF kuma saboda na'urar PCI da aka zare ko aka kwantar da ita barci ce: karatu daga gare ta kan dawo da ɗaya zalla, direban da bai sani ba sai ya ɗauka duk dalilan kira sun taso lokaci guda.

Karatun da ke bin bayan rubutun fa, wanda ba a ko ajiye sakamakonsa ba? Kada ka goge shi da sunan tsafta. A PCI rubutu kamar wasiƙa yake, furosesa ta jefa ta ci gaba, ba ta jira ya isa. Mai amsa zai iya gamawa, kanel ta sake buɗe layi, alhali umarnin "saki ƙararrawa" yana hanya. Sai a sake kiranka. Kafin ka karanta rajista umarnin ya isa, ka tarar ba komai, ka ce ba naka ba ne. Bogi ya samu, kuma kai ka haife shi. Karatu ba ya tsallake rubutun da ya riga shi zuwa na'ura ɗaya, shi ya sa yake tura wasiƙar ta isa. Alamar wannan cuta a bayyane take: kiran da ake samu ya kusa ninka aikin da aka yi, kusan rabi babu mai su. Masu STM32 ma sun san ɗan uwanta, idan aka bar goge tutar kira sai a layin ƙarshe na mai amsa, ya kan shiga sau biyu.

Wani tarkon a wurin gogewar yake. Rajistocin hali da yawa ana goge bit ɗinsu ne ta hanyar rubuta masa 1. Ka yi amfani da |= a kansu, ka karanto duk tutocin da ke kunne ka mayar musu da 1, ka goge har waɗanda ba ka duba ba. A nan kira ne zai ɓace. Rubuta abin da ka karanta kuma za ka yi wa hidima, shi kaɗai.

Lokacin shiga gida da lokacin tashi

Da zarar request_irq ya dawo, kai tun ma kafin ya dawo, ana iya kiran mai amsarka. A layin tarayya maƙwabci ne zai jawo maka, ko kuma na'urarka tana riƙe da tsohon kira tun daga manhajar tashin injin. Idan ba ka gama shirya ma'ajiyarka ba, mai amsa zai taɓa wurin da babu komai, kanel ta faɗi. Don haka a tsari: shirya komai, rufe bakin na'ura, goge tsofaffin tutoci, yi rajista, sannan ka buɗe mata baki. Wajen fita a juya: rufe bakin na'ura tukuna, sannan free_irq, wanda ke jira mai amsa ya gama in yana ciki, sannan a saki ma'ajiya. Wanda ya saki layi ya bar na'ura da baki buɗe ya tashi daga gidan haya ya bar baƙonsa yana danna ƙararrawa, maƙwabta ne za su kwana a ciki. Akwai zaɓin CONFIG_DEBUG_SHIRQ a kanel, wanda ke kiran mai amsarka da gangan lokacin sakin layi don a ga ko zai jure. Kunna shi a injin gwaji.

Mu dawo kan allunanmu

Na san yawancinmu ba katin PCI muke rubuta wa direba ba. Raspberry Pi ne da sensa a kan I2C, da waya guda daga ƙafar kiran sensar zuwa GPIO. A nan abu uku nake fara dubawa.

Wayar kanta. Sensa da yawa ja ƙasa kawai suke iya yi da ƙafar kiransu, ba sa tura ta sama. In babu rizisto mai ɗaga layin zuwa bolt 3.3, irin su 4.7k ko 10k, layin yana reto ne a iska, ya zama eriya. Kusanto da hannu, kira. Fanka ta tashi, kira. A sauya daga wutar NEPA zuwa janareto, kira ɗari. Doguwar waya a kan allon gwaji ta ƙara dagula lissafi. Wani rukuni da na taya dubawa sun kwana biyu suna jujjuya kod, ashe rizisto ɗaya ne babu, wanda bai kai kuɗin ruwan leda biyu ba.

Sai nau'in kiran da ka rubuta a bishiyar na'urori. Lambobin su ne 1 ga tashi sama, 2 ga faɗowa ƙasa, 4 ga riƙewa a sama, 8 ga riƙewa a ƙasa. Sensa mai riƙewa a ƙasa ka rubuta mata 4, layin da ke hutawa a sama zai zama kira marar yankewa tun daga daƙiƙar farko. Ka rubuta mata 2 kuma, za ta yi aiki na ɗan lokaci har ka saki jiki. Ranar da sabon dalili ya taso kafin ka gama goge tsohon, layin ba zai koma sama ba, ba za a sake faɗowa ba, ba za a sake kiranka ba har abada. Ga na'ura da rai, ga direba da rai, kowa na jiran kowa. Wannan ce ke son faruwa a gaban malamai ranar kare aiki, don ranar ce ake jijjiga sensa fiye da kullum. Takardar bayanin sensar ce alƙali, a karanta shafin kiran da kyau.

Na uku, I2C a hankali yake tafiya. A gudun kilohaz 100, karanta rajista ɗaya kan ci kusan rabin milisakan, kuma mai karatun yana barci yana jira. Mai amsa na gaggawa kuwa an hana shi barci. Maganin shi ne request_threaded_irq, wanda ya shigo a Linux 2.6.30 a 2009: a miƙa aikin ga zare na musamman da ke da izinin jira. Haɗa shi da IRQF_ONESHOT, don layin ya zauna a rufe har zaren ya gama. In ba haka ba, layi mai riƙewa zai ta kira, zaren da zai kashe ƙararrawar bai ko sami damar tashi ba.

'Yan Arduino Uno kada ku ce ba ruwanku. Babu kanel, amma halin ɗaya ne. Bayan detachInterrupt, tutar ƙafa ta 2 a rajistar EIFR tana iya kunnuwa ta zauna, kana sake attachInterrupt sai kira ya faɗo nan take a kan abin da ya wuce tuntuni. Rubuta mata 1 kafin ka buɗe. Idan kuma ka kunna kiran da ba ka rubuta wa mai amsa ba, avr-libc kan mayar da shirin farko, ka ga allo na ta sake tashi ka ɗora wa batir laifi.

Yadda nake bin sawu

Ina farawa da watch -n1 cat /proc/interrupts, in zuba ido in ga layin da lambarsa ke gudu alhali ba a taɓa komai ba. A injin x86 akwai layukan SPU da ERR a ƙasa, su ke ƙirga bogin masu rarraba kira. Daga nan /proc/irq/, lambar layin, fayil ɗin spurious: zai nuna adadin da ba a amsa ba da lokacin na ƙarshe. Sai in cire direbobin da ke layin ɗaya bayan ɗaya. Hattara dai, sunayen da kanel ta jero a gargaɗinta ba lallai mai laifin na ciki ba. Sau da yawa mai danna ƙararrawar na'ura ce da ba ta da direba ko kaɗan, ko wadda teburin BIOS ya ce tana wani layi alhali tana wannan. Umarnin lspci -vv na taimakawa a nan: a layin Status, INTx mai alamar tarawa na nufin wannan na'ura ce ke riƙe da kira a yanzu.

Kada ka cika mai amsa da printk. A layin siriyal mai gudun 115200, jimla mai baƙaƙe 80 tana cin kusan milisakan 7, wanda a duniyar kira shekara guda ce. Matsalar da ta dogara da tseren lokaci sai ta ɓuya, ka cire printk ta dawo. Gara ka sa ƙirge ka karanta daga baya, ko ka kunna irq_handler_entry da irq_handler_exit a /sys/kernel/tracing, su nuna maka kowane kira, lokacinsa, da amsar da aka bayar. In kuma akwai osiloskop a ɗakin gwajinku, roƙi mai kula da ɗakin ya ba ka rabin awa. Ɗaga wata ƙafar GPIO a farkon mai amsa ka sauke ta a ƙarshe, ka sa ta a tasha ɗaya, layin kira a ɗaya tashar. Gardama ta ƙare: ko layin na motsi da kansa, ka koma kan waya, ko yana riƙe bayan ka fita, ka koma kan kod.

Saura zaɓuɓɓukan tashin kanel. irqpoll, wanda saƙon gargaɗin kansa ke ba da shawara, yana sa a riƙa tambayar duk masu amsa har a bugun agogo. In ya gyara abin, ya gaya maka kiran na fitowa ta layin da ba a zata ba. pci=nomsi da noapic su ma gwaji ne na gano inda matsalar take. noirqdebug kuwa kashe mai lissafin ne gaba ɗaya, ban ga dalilin da ɗalibi zai kai shi gaban malamai a matsayin gyara ba. Idan na'urarka ta PCIe ce kuma tana da MSI, nemi shi ta pci_alloc_irq_vectors: kiran ya zama saƙon da ake rubutawa, har 32 a MSI, har 2048 a MSI-X, babu tarayyar layi, babu bin ɗaki-ɗaki. Amma ka bar gwajin IRQ_NONE ɗinka a wurinsa, domin direban da ya sami MSI a injinka zai iya faɗawa kan tsohon layin tarayya a injin da sashe zai ba ka ranar gwaji.